Lalas a Idon Dama

Litinin, 8 ga Yuli 1996, bayan La'asar

Jiya muka dawo daga Kaduna ni da Rahmatu. Likita ya ce maganin ɗigawa ya daina riƙe idon dama. Na hagu kuwa sau ɗaya ya haska shi da fitila, ya tambaye ni wa ya taɓa shi. Na ce ya duba na dama, shi na kawo.

Yaro ne likitan, bai kai Rahmatu ba, ita da take 'yata ta biyu. Ya ɗauki takarda zai yi mini zane. Wai cikin ido akwai ruwa, ba hawaye ba, wani ruwa ne da ido ke yi wa kansa, yana shiga yana fita. Mafitarsa tana zagaye da ido, daidai inda baƙi ya haɗu da fari, kamar rariya mai ƙananan ƙofofi. Tawa rariyar ta toshe. Ruwa na taruwa, yana danne jijiyar gani, jijiyar na mutuwa daga gefe tana shigowa tsakiya. Na ce ya ajiye bironsa. Ni na gina rabin magudanan da ke fadamar Rima kafin a sallame ni daga aiki da takarda mai layi biyu. Na san abin da ruwa ke yi idan ya rasa hanya.

Suna da na'ura mai harba haske, sunanta lesa. Da ita za a taɓa rariyar ranar ashirin da uku ga wata. Abin da ya mutu ba zai dawo ba, ya faɗa mini har sau biyu. Abin da ya rage ake son tsarewa.

Matata Delu ta tambaye ni da muka shigo gida, "Malam, mi za su yi maka?"

Na ce, "Lesa."

"Lalas?"

"Lesa, Delu."

Ta ce to, ta yafa mayafi ta tafi gidan suna.

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

Na kafa ma'auni, kamar yadda muke kafa sanda a bakin gulbi. In na zauna bisa dakali na kafa ido ga ƙofar gidan da ke fuskantarmu, ina ganin bishiyar dogon yaro a dama, ina ganin bakin rijiya a hagu. Bara har turken jaki nake gani bayan rijiyar. Yau dogon yaro na nan, rijiya na nan.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Duk Gwandu ta ji za a yi mini lalas a ido. A ƙofar masallaci wani ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta salati. Wani ya ce ya ji ana ɗaure mutum da igiya tukuna. Na ce lesa, haske ne, babu ƙarfe babu wuta. Suka gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa mai zazzaɓi.

Haka suka gyaɗa mini kai shekarar da na ce kada a yi gini a bakin kwari.

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Dogon yaro, rijiya. Ƙwayar da aka ba ni tana sa yatsuna tsikari.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

Yaya Jibrin ya zo. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne babban gida, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Bai zauna kan tabarmar da Delu ta shimfiɗa ba.

"Abdulgani, na ji wani zance."

"An daɗe ana jin zance garin nan, Yaya."

"Ido guda ya rage maka. Shi za ka ɗauka ka kai a sa ma wuta, kamar saniya?"

Na yi masa bayanin rariya da ruwa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce yanar ido ce, ba wani abu ba. Ya lissafa mini tsofaffin da aka kawar wa yana suka tashi suna zura zare a allura. Ya ce mutumin nan mai kawar da yana, wanda ya taɓa mini idon hagu, ya sake sauka Maruda, kuma an ce hannunsa ya ƙara kyau.

 Delu da ke bakin murhu ta saki murfin tukunya.

Ya ce, "Wancan karon rabo ne babu."

Na ce, "Ni ba ni da yana, Yaya. Wancan karon ma ba ni da ita."

Ya ce boko ya cuce ni, ya hana ni aiki ya hana ni jin magana. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Da zai fita ya ce bai yarda da tafiyar ba, kuma zai gaya wa Rahmatu da mijinta.

Lahadi, 14 ga Yuli, da hantsi

An kwana ana ruwa. Kwatar gidanmu ta toshe, tsakar gida ta zama tafki. Na tsaya da sanda ina zungura, sai na ji ina tausayin kwatar.

Talata, 16 ga Yuli, bayan La'asar

Sambo ya biyo ta ƙofar gida da bijimi zai kai kasuwa. Rugarsu na bayan Dodoru, mun san juna tun ina awon fadama yana koro mini shanu cikin aiki.

"Injiniya, ashe har Kaduna za ka tahi neman lalas, ga ni kusa? Ƙarhena na nan, sai dai a hura wuta."

"Ka fara yi wa bakinka."

"Bakina lahiya tai. Kai dai ka kwanta, in sa yara su danne."

Na yi dariya, karo na farko a makon nan. Bijimin na da tsohon tabon lalas a kafaɗa, inda ya taɓa kumburi. Na sa hannu na shafa. Wurin da ƙarfe ya ci ya mutu, ya yi tauri, babu gashi. Amma ya tsuke, kuma da ya tsuke sai ya jawo fatar da ke kewaye da shi ta kowane gefe, har gashin wurin ya rabu ana ganin fata. Na daɗe hannuna na nan, har Sambo ya tambaya ko saye zan yi.

Abin da likita ya so zana mini ke nan na hana shi. Hasken zai ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rariyar, jere, da tazara tsakaninsu. Kowane ɗigo ya warke ya tsuke, ya ja naman da ke tsakaninsa da na kusa da shi, ƙofofin da suka manne su buɗe. Wurin da aka ƙona an sadaukar da shi, makwabtansa ake yi wa aiki.

Wato garin nan bai yi kuskure ba sosai. Wannan ya ba ni haushi fiye da komai.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan Azahar

Na daina gyara wa kowa. Mai shayi ya tambaye ni cikin tausayi ko gaskiya ne. Na ce ƙwarai, lalas za a yi mini, wuri hamsin, ido a buɗe. Shayin ya zube masa a ƙafa.

Alhamis, 18 ga Yuli, Kalgo, da yamma

Ina rubuta wannan a gidan Rahmatu.

Da hantsi na ji sallama a zaure, muryar Yaya da wata murya. Shekara huɗu ban ji ta ba, amma nan take na gane ta: mai kawar da yana ne. Na zauna bakin gado.

Delu ta shigo. Ita ta kai zancen lalas gidan suna, ita ta kwana uku tana kuka wai za a ƙona ni. Ta dube ni, ta ce da ƙarfi yadda za a ji a zaure, "Malam, buta na bayan gida in za ka kewaya." Sannan ta rage murya. "Ƙohwar garka a buɗe take. Jakarka na cikin ramar. Maganin na aljihun gehe."

Na ce, "Ke da kike tsoron wuta?"

Ta ce, "Wutar ban san ta ba. Wanga na san shi."

Na bi ta garka. Mai gani ta tsakiya kaɗai bai kamata ya yi sauri ba. Na yi karo da rumbu, na taka kabewar makwabta, wata akuya ta fito daga inda babu akuya. Na isa tasha rigata duk laka, na shiga motar Birnin Kabi, daga can na hau ta Kalgo. Tun da aka sallame ni ban yi wani abu da ya yi mini daɗi kamar gudun nan ba. Ina ta murmushi a mota har wata tsohuwa ta matsa.

Rahmatu ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta same ni a ƙofa.

"Baba, me ya sami rigarka?"

"Na tsere daga gidana."

Ta ce saƙon Baffa Jibrin ya iso tun shekaranjiya. Na ce me ta amsa. Ta ce ta gaishe shi da kyau.

Asabar, 20 ga Yuli, da safe

Babu dakali a nan, babu ma'auni. Ban san ko na rasa wani abu ba tun Alhamis.

Talata, 23 ga Yuli, Kaduna, bayan La'asar

An yi.

Ɗaki ne ƙarami mai duhu. Babu igiya. Na ɗora haɓa bisa wani ƙarfe, goshi ya jingina da madauri. Aka ɗiga mini maganin da ke kashe jin ido, likita ya manna wani ɗan gilashi a kan ƙwayar idon, mai madubi a ciki, don ya hango lungun da rariyar take. Ya ce in kafa ido kada in motsa.

Sai walƙiya, koriya, da ɗan ƙara kamar an karya tsinke. Sai wata. Wani lokaci nakan ji ɗan tsini can ciki, yawanci ba na jin komai. Na ce masa a garinmu lalas suke ce wa wannan. Sai da ya janye hannu ya gama dariya, ya ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara ba ni dariya ina cikin idonka."

Rabin zagayen ya yi. Ɗaya rabin an ajiye shi don wata rana, in ta zo. Na yaba da wannan. Ba a yashe magudana duka rana ɗaya.

Kafin shayin Rahmatu ya huce an gama.

Talata dai, kafin Magariba

Awon ƙarfin ruwan idon ya hau. Da talatin da biyu na shigo, yanzu arba'in. Wai nama ne ya fusata, ya kumbura, tarkacen ƙuna ya ƙara toshe hanya. Wai yakan faru. An ba ni ƙwaya, an ce in zauna a benci. Goshina kamar ana murɗa shi. Ina ganin Rahmatu kamar ta bayan labule.

Haka idon hagu ya fara.

Laraba, 24 ga Yuli, da hantsi

Ya sauka zuwa talatin. Labulen ya yi shara-shara. Likita ya ce kada in yi murna kada in yi baƙin ciki, tabo ba ya tsukewa rana ɗaya, sai bayan mako shida za a san gaskiya. In ci gaba da ɗigawa.

Lahadi, 28 ga Yuli, Gwandu, da yamma

Na dawo. Zaure ya cika kafin in cire takalmi. Kowa na son ganin tabo. Suka leƙa idon ɗaya bayan ɗaya, suka ga ja kaɗan, babu ƙuna babu ƙuraje, suka fita ransu a ɓace kamar an hana su kallon dambe.

Wani ɗan'uwanmu ya tsaya ta gefena ya ɗaga hannu ya ce yatsu nawa. Ban ma san yana wurin ba.  Na ce musu abin da ya tafi ya tafi, ba don shi na je ba. Na ji wani na cewa a hankali, "Wahalar banza. Yadda ya tahi haka ya dawo."

Yaya bai zo ba. Delu ta ce ranar da na gudu ya zauna a zaure da baƙonsa har Azahar, ita kuma tana ta aika musu fura.

Litinin, 29 ga Yuli, da safe

Dogon yaro. Rijiya.

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan masallaci

Mun haɗu da Yaya a sahu. Mun gaisa gaisuwar mutanen da ke da shari'a a gaban alƙali.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Jan ya washe. Dogon yaro, rijiya.

An kawo wani tsoho daga Dalijan da aka cire wa yana a asibiti, yana ta nuna wa mutane yana ganin kaska a jikin kare. Aka zo da shi har ƙofata, wai mu gaisa. Na san dalilin. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, ko da rabi. Shi an buɗe masa taga. Ni gini nake tokarewa kada ya faɗi, kuma ba wanda ke taruwa kallon ginin da bai faɗi ba. Duk aikina na gwamnati haka yake. Shekarar da ruwa bai ci gari ba, ba wanda ya tambayi dalili.

Talata, 13 ga Agusta, da safe

Hadari. Ban ga rijiya ba.

Talata dai, bayan Azahar

Rana ta fito. Rijiya na nan. Na zagi hadarin, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Delu ce ke ɗiga mini magani yanzu. Takan ce in dubi azara. Yau ta tambaye ni ko tabon na tsukewa. Na ce ban sani ba, ba a jin sa. Ta ce to ta yaya za a san ya yi. Na ce in ban makance ba. Ta ce wannan wane irin magani ne, sai mutum ya mutu yana gani sannan a ce ya yi aiki.

Na ce irin wanda nake so ke nan.

Talata, 3 ga Satumba, Kaduna, da hantsi

Sha bakwai.

Talata dai, bayan Azahar

Sai da na sa ya sake aunawa. Sha bakwai. Ya zaunar da ni gaban baƙin allo yana matso da ɗan farin ɗigo daga gefe, in na gani in yi magana. Ya ɗora takardar yau kan ta watan Yuli ya ɗaga su ga taga. Layin bai motsa ba. Ko kaurin zare ban rasa ba.

Ya leƙa rariyar da gilashinsa ya ce ɗigon sun warke, sun yi fari-fari, hanya ta samu. Ya ce ba na har abada ba ne, rariya takan sake cushewa bayan wasu shekaru, shi ya sa aka bar rabi. Kada in bar magani, kada in bar zuwa awo. Na ce shekaru nawa. Ya ce Allah Ya sani. Na ce na karɓa, ban taɓa gina abin da ba ya son yasa ba.

Rahmatu ta fita waje tana share fuska. Ni kuwa na zauna na karanta duk takardun da aka liƙa a bangon asibitin, har da ta hana tofar da yawu.

Da za mu tafi ya ce ciwon na bin jini. Duk wanda muka haɗa uwa ko uba, a kawo shi awo, ko da yana cewa lafiyarsa lau. Na ce ya bar wannan zancen.

Juma'a, 6 ga Satumba, Gwandu, bayan La'asar

Na gaya wa mai shayi sha bakwai. Ya ce sha bakwai ɗin me. Na gaya wa liman, ya ce madalla, ban tabbata ya gane ba. Na aika wa Sambo cewa lalas ya kama. Ya aiko da ƙwaryar nono, da saƙon cewa in an tashi rabi na biyu a tuna da shi.

Asabar, 7 ga Satumba, kafin Magariba

Yaya ya zo ɗazu. Wannan karon ya zauna.

Mun yi zancen gero da na rufin masallaci. Delu ta kawo ruwa ta ajiye masa kofi a gefen dama, kusa da gwiwarsa, ta koma. Can ya ce, "Gidan nan ba a ba baƙo ruwa ne?" Na ce ga shi nan. Ya waiwaya, ba da ido ba, da kai gaba ɗaya, har da kafaɗa. Hannunsa ya wuce kofin, ya dawo, ya ture shi.

Na san wannan waiwayen. Shekara shida ina yin sa.

Muka zauna muna kallon ruwan na bin tabarma. Ba wanda ya kira Delu. Akwai maganganu a bakina da na daɗe ina wasa su, tun Maruda, kuma ga ranarsu ta zo. Na bar shi ya jira. Ba zan yi ƙarya ba, jiran ya yi mini daɗi.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lalas ɗin nan. Shina da zahi?"

Na ce, "Bai kai cizon cinnaka ba."

"Kuma ba su ɗaure mutum."

"Sai in ya cika gardama."

Bai yi dariya ba. Ya tambaya ko abin da ya tafi na dawowa. Na ce a'a, Yaya. Na ce amma motar Birnin Kabi na tashi da safe, Rahmatu ta san hanyar Kaduna, ni ma na sani.

Ina zaune ta gefensa ne tun da ya shigo. Na tashi na ja buzuna, na koma daidai gabansa, inda zai iya ganina.